Daga Trovan Zuwa Hanta A Kan Cif: Tarihin Wanda Ake Fara Gwada Magani A Jikinsa

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya da gyaran kwamfuta, mu taɓa tarihi. Tarihin wata fasaha ce da ake ta magana a kanta a duniyar likitanci: ɗora ƙwayoyin hanta ko huhu ko ƙodar ɗan'adam a kan wani ɗan ƙaramin cif, sannan a haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira domin binciken cututtuka da gwajin magunguna. Rubutun yana da ɗan tsayi, sai ka gyara zama.

Ga tambayar da za ta riƙe mu har ƙarshe: maganin da ka saya a kemis, kafin ya iso hannunka, a jikin wa aka fara gwada shi, kuma da izinin wa? Idan kai mutumin Gyadi-Gyadi ne ko Tarauni, ko ka taɓa jinyar wani a Asibitin Malam, to labarin nan ta ƙofar gidanku ya biyo. Akwai wata takarda mai ɗauke da sunan wannan asibiti da ta shiga tarihin gwajin magunguna na duniya, kuma maganin da aka rubuta ta dominsa yana cikin waɗanda ake auna ingancin cif ɗin da su a yau.

YADDA ƁERA YA SHIGA TSAKANINMU DA MAGANI

A da can, a Amurka, kamfani yana iya haɗa magani ya kai kasuwa ba tare da ya nuna wa kowa shaidar cewa ba ya cutarwa ba. A 1937 wani kamfani ya narkar da maganin sulfanilamide a cikin sinadarin diethylene glycol, ya sa masa ɗanɗano mai daɗi ya sayar. Mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Wannan sinadarin mu ma mun san shi, domin shi ne ya gurɓata maganin haƙorin jarirai na My Pikin a 2008, har yara 84 suka rasu a Najeriya.

Mace-macen 1937 su suka haifar da dokar 1938, wadda ta ce dole a nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar da shi. Sai kuma thalidomide ya zo, maganin da aka riƙa ba mata masu laulayi daga ƙarshen shekarun 1950. Jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasar hannuwa da ƙafafu a ƙasashe daban-daban. A 1962 Amurka ta ƙara tsaurara doka, aka kafa ginshiƙai biyu waɗanda kusan duk duniya ta kwaikwaya: a gwada magani a kan dabbobi kafin a kai shi jikin mutum, sannan duk mutumin da za a gwada a kansa sai an yi masa bayani ya amince. Ka riƙe waɗannan biyun, don sauran labarin a kansu yake tafiya.

Gwajin dabbobi ya ceci rayuka masu yawa, wannan babu musu. Matsalar ita ce hantar ɓera ko ta kare ba ta sarrafa magani kamar yadda tamu take yi. Shi ya sa kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka tsallake matakin dabbobi suka shiga gwaji a kan mutane ba sa kai labari, ko dai ba sa aiki, ko kuma wata illa ta ɓullo. A 1993 an gwada fialuridine a Amurka domin ciwon hanta nau'in B. Ya wuce gwajin ɓeraye da karnuka da birai lafiya lau. Da aka ba mutum 15, biyar suka mutu, biyu kuma sai da aka yi musu dashen hanta suka tsira.

KANO, 1996

A farkon 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya. Manyanmu ba su manta da wannan bazarar ba. Mutum sama da 100,000 suka kamu a faɗin ƙasar, sama da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara suna tafe tare da ita. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Likitocin ƙungiyar MSF suna wurin suna ba da chloramphenicol, maganin da aka daɗe da saninsa.

Ana cikin haka sai tawagar kamfanin Pfizer ta sauka da wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna trovafloxacin, sunansa na kasuwa Trovan. An riga an gwada shi a kan manya a wasu wurare, amma kamfanin yana neman shaidar cewa yana yi wa yara masu sanƙarau aiki, har ma ta hanyar sha maimakon allura. Aka ɗebi yara kimanin 200. Wajen rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone, wanda sanannen magani ne. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Wasu da suka rayu sun tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma gida.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi kisan da nakasar, tunda ita cutar da kanta tana haddasa waɗannan duka, kuma ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, balle a sanar da su cewa ana ba da sanannen magani kyauta a cikin harabar asibitin. An kuma zargi tawagar da ba da ceftriaxone ƙasa da adadin da aka saba, kamfanin ya ce abin da ya bayar ya wadatar.

TAKARDAR DA TA FITO DA SUNAN ASIBITIN MALAM

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mazauninsa yake kan Titin Zariya a Gyadi-Gyadi cikin ƙaramar hukumar Tarauni, an kafa shi ne a watan Agustan 1988, aka sa masa sunan Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983. A nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke samun horo. Ba a nan aka yi gwajin Trovan ba. To me ya kawo sunansa?

Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, tana neman shaidar cewa wani kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin gwaji ya amince kafin a fara. Shaidar da aka miƙa mata wata wasiƙa ce mai ɗauke da sunan Asibitin Malam da kwanan watan Maris 1996. A Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tona labarin gwajin, sannan a Janairun 2001 ta ruwaito shugaban asibitin na lokacin, Dakta Sadiq Wali, yana cewa wasiƙar ba gaskiya ba ce, domin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin da aka ce an rubuta ta. Wato daga baya aka rubuta, aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda a 2001 ya kammala cewa gwajin ya saɓa ƙa'ida, amma rahoton bai fito fili ba sai 2006.

Shi kuwa Trovan, FDA ta amince da shi ga manya a Disambar 1997, ban da yara. Ya shiga kasuwa ya karɓu, likitoci suka rubuta shi sau miliyoyi. Ba a daɗe ba rahotannin lalacewar hanta suka fara shigowa, sama da 100, ciki har da mutum 14 da hantarsu ta tsaya gaba ɗaya, wasu suka mutu. A watan Yunin 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi sai ga masu tsananin rashin lafiya a gadon asibiti, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi. Gwajin dabbobin da aka yi tun farko bai hana faruwar wannan ba.

Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. A Yulin 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin DNA, shekara 15 da faruwar abin.

Akwai kuma asarar da kuɗi ba sa biya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, sai Yulin 2004 aka dawo da shi. Dalilan suna da yawa, har da siyasa da jita-jita, amma Trovan yana cikin abin da jama'a suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ka ga ginshiƙan nan biyu duk sun gaza a kan magani guda: gwajin dabba bai hana magani mai illa ga hanta shiga kasuwa ba, amincewar iyaye kuma ta zama abin jayayya a kotu.

MENENE WANNAN CIF ƊIN?

Mu koma wajen masu neman gyara ginshiƙi na farko. Kada kalmar cif ta ruɗe ka, ba irin na cikin wayarka ba ne. Ɗan guntun roba ne mai laushi, garai-garai kamar gilashi, girmansa kamar filash ɗin da kake ajiye fayil. An kira shi cif ne saboda dabarar zana hanyoyin cikinsa daga masana'antar cif ɗin kwamfuta aka aro ta. A ciki akwai siraran hanyoyi, faɗinsu wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Ana shimfiɗa rayayyun ƙwayoyin halittar mutum a bangonsu, ɗan famfo yana tura ruwa mai ɗauke da abincinsu yana wucewa kamar yadda jini ke gudana.

Tun farkon shekarun 2000 Michael Shuler na Jami'ar Cornell yake haɗa 'yan ɗakuna masu ƙwayoyin hanta da huhu a kan cif guda. Amma abin da ya ja hankalin duniya shi ne huhun da Dongeun Huh da Donald Ingber na Cibiyar Wyss a Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Science a 2010. Hanyoyi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, siririyar fata mai ƙananan ƙofofi ta raba su. A sama ƙwayoyin huhu ne da iska, a ƙasa ƙwayoyin jijiyar jini ne da ruwa. A gefe da gefe akwai wasu ramuka da ake zuƙe iskarsu ana saki, sai fatar ta riƙa miƙewa tana komawa, daidai yadda huhunka yake yi yanzu kana numfashi. Da suka zuba ƙwayoyin cuta a ɓangaren iska, sai ga fararen ƙwayoyin jini sun manne a bango, sun ratsa fatar, sun hau sama suna cinye su, ana kallo ta madubin likita.

Me ya bambanta shi da faifan gwaji na gargajiya? Ƙwayar hanta idan aka kwantar da ita a faifai cikin ruwan da ba ya motsi, cikin 'yan kwanaki take fara daina aikinta. Idan ta samu ruwa mai gudu da maƙwabtan da ta saba zama da su a jiki, tana ci gaba da aiki na tsawon makonni.

A 2012 hukumomin Amurka uku, NIH da DARPA da FDA, suka fara shirin zuba kuɗi a wannan fanni. A 2014 kamfanin Emulate ya fito daga Cibiyar Wyss domin sayar da cif ɗin. Aka yi na hanji, na ƙoda, na hanta, na shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Wani binciken daga Japan ya ƙara buɗe hanya: a 2006 da 2007 Shinya Yamanaka ya nuna cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar baligi zuwa matakin farko, inda za ta iya zama ƙwayar hanta ko ta zuciya. Ya samu kyautar Nobel a 2012. Ma'ana, daga ɗan jinin mutum ko fatarsa ana iya gina cif mai ɗauke da gadonsa shi kaɗai.

TROVAN YA SAKE SHIGA GWAJI

Ta yaya za a san cif ɗin hanta yana faɗin gaskiya? Sai a ba shi jarrabawar da aka riga aka san amsarta. Masana daga kamfanonin magunguna suka tsara jerin magungunan da aka san sun cutar da hantar mutane, kowanne aka haɗa shi da ɗan'uwansa mai kama da shi wanda illarsa ba ta kai ba. A cikin jerin akwai trovafloxacin, abokin gwaminsa kuma levofloxacin, wanda har yau ana rubuta shi a asibitocinmu.

A Disambar 2022 masu bincike na Emulate suka wallafa sakamako a mujallar Communications Medicine. Sun yi amfani da cif 870 a kan magunguna 27. Cif ɗin ya gano 87 cikin 100 na masu cutar da hanta, kuma bai ɗora wa marasa illa laifi ba ko ɗaya. Masu illar nan fa duk sun taɓa tsallake gwajin dabbobi. Trovafloxacin ya nuna ɓarnarsa, ya fi levofloxacin. A 2023 wasu masu bincike a birnin Jena na Jamus suka gwada magungunan biyu a nasu samfurin hantar, suka ga irin wannan bambanci.

Abu biyu za ka sa a ranka. Na farko, kamfanin da ke sayar da cif ɗin shi ya yi babban binciken, kuma magunguna 27 ba su da yawa. Na biyu, wannan bai nuna cewa ciwon hanta ne ya kashe yaran Kano ba, wancan magana ce daban da kotu ba ta yanke ba. Abin da ya nuna shi ne, illar da sai da aka ba ɗimbin mutane maganin kafin a gane ta, yanzu ana iya hango alamarta a kan ɗan guntun roba cikin mako guda.

Doka ma ta biyo baya. Ranar 29 ga Disamba 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta cire wajabcin gwajin dabbobi kafin gwaji a kan mutane, ta ba da damar kawo shaida daga cif ko lissafin kwamfuta. A Afrilun 2025 FDA ta sanar da shirin rage gwajin dabbobi sannu a hankali, ta ambaci irin waɗannan samfura da ƙirƙirarriyar basira a cikin abin da zai maye gurbi. Har yanzu dai ana amfani da dabbobi sosai, ƙofa ce aka buɗe.

INDA ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA TA SHIGO

Ka yi lissafi: cif 870, kowanne ana ɗaukar hotonsa sau da yawa, ana auna sinadaran da ke fita daga cikinsa, irin su albumin da hanta ke samarwa da ALT da ke zuba idan ta ji rauni. Idon mutum ba zai iya bin wannan duka ba, kuma mutum biyu sukan kalli hoto ɗaya su saɓa. To aikin farko na ƙirƙirarriyar basira shi ne kallo. Ana horar da manhaja da dubban hotunan da ƙwararru suka yi wa alama, wannan ƙwaya lafiyayya ce, wannan ta fara tara kitse, wannan ta mutu. Dabarar ɗaya ce da wadda wayarka take gane fuskarka da ita.

Aiki na biyu shi ne zaɓe. Sinadaran da za su iya zama magani miliyoyi ne, cif kuma yana da tsada. A 2020 masu bincike a MIT suka horar da manhaja da sinadarai wajen 2,300, suka sake ta a cikin wani rumbun sinadarai, ta zaƙulo wanda suka sa wa suna halicin, mai kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magunguna da yawa. Sai dai hasashen kwamfuta hasashe ne. A nan haɗin yake da amfani: manhaja ta tace dubbai ta kawo goma, cif ya gwada goman a kan ƙwayoyin mutum, sakamakon ya koma ya ƙara wa manhajar ilimi, a sake zagayowa.

Aiki na uku shi ne fassara daga cif zuwa jiki. Cif ɗin hanta ƙwayoyi kaɗan yake ɗauke da su, hantar baligi kuwa ta kai kilo ɗaya da rabi. A 2020 ƙungiyar Wyss ta jona cif na hanji da hanta da ƙoda, ta haɗa da lissafin kwamfuta, ta yi hasashen yadda sinadarin nicotine yake hawa da sauka a jini, kuma hasashen ya zo kusa da abin da aka taɓa aunawa a jikin mutane.

ASIBITIN MALAM BAYAN WANCAN ZAMANI

Mu dawo Titin Zariya. Asibitin da a 1996 ba shi da kwamitin ɗa'ar bincike, yau duk binciken da za a yi a cikinsa sai ya bi ta gaban irin wannan kwamiti, kuma tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. A 2002 aka fara dashen ƙoda a nan. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100 a asibitocin ƙasashen Afirka huɗu.

Sikila ce ta fi kusantar da mu ga maganar cif. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara. A binciken SPRING, wanda aka wallafa a 2022, Dakta Shehu Umar Abdullahi da abokan aikinsa na Kano da Kaduna, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, sun bi yara 220 masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Suka nuna cewa ƙaramin adadin hydroxyurea yana ba da kariya kwatankwacin matsakaicin adadi. Ga iyayen da ke sayen magani da kuɗin aljihunsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An kuma gwada wani cif a Kano, ko da yake ɗan'uwan wanda muke magana ne. Sunansa HemeChip, daga ɗakin binciken Umut Gurkan na Jami'ar Case Western Reserve a Amurka. Babu rayayyun ƙwayoyi a cikinsa, ɗigon jini ake sa masa ya rarrabe AA da AS da SS cikin mintuna. An gwada shi a kan yara 315 a Asibitin Malam da Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, daga baya ya shiga kasuwa da sunan Gazelle. Wannan ɗakin binciken yana da wani cif ɗin da ake tura jinin mai sikila ta cikin siraran hanyoyi a ga ƙwayoyi nawa ne suke mannewa a bango, tunda mannewar ce take toshe jijiya ta kawo ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci. A 2021 suka wallafa manhajar da take ƙirga ƙwayoyin da suka manne tana rarrabe su, aikin da mutum yake shafe awanni a kansa ta gama cikin mintuna. Tun 2012 kuma ƙungiyar Wilbur Lam a Atlanta ta shimfiɗa ƙwayoyin jijiyar jini a cikin irin waɗannan hanyoyi ta ga yadda jinin sikila yake toshe su. Cif da basira ke nan sun haɗu a kan cutar da ta fi damun gidajenmu.

ABIN DA CIF BA ZAI GYARA BA

Cif yana nuna halin ƙwayoyin da aka zuba masa, manhaja kuma abin da aka koya mata kawai ta sani. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, 'yan asalin Afirka ba su kai 3 cikin 100 ba, alhali mu muka fi kowa bambancin gado a tsakaninmu. Wannan yana da tasiri a kan magani. Lapdap, maganin maleriya da aka fitar a 2003 musamman domin Afirka, an janye shi a 2008 saboda yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin G6PD, abin da yake da yawa a cikinmu. Efavirenz na masu cutar HIV yana daɗewa a jinin 'yan Afirka da yawa saboda wani bambanci a sinadarin hanta mai suna CYP2B6, sai ya kawo jiri da munanan mafarkai. Akwai kuma nau'o'in APOL1 masu ƙara haɗarin ciwon ƙoda a Afirka ta Yamma, waɗanda ko a cikin Najeriya yawansu ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila. Idan hantar da ke kan cif ta Bature ce, kuma bayanan da manhaja ta koya na Turawa ne, za a iya cewa magani ya wuce, ya zo Tarauni ya yi wani abu daban.

Don haka za a zo neman jininmu da ƙwayoyinmu, kuma ya kamata a zo. A nan ginshiƙi na biyu ya dawo. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin wata baƙar fatar Amurka mai suna Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba. Ta rasu a wannan shekarar, ƙwayoyinta kuwa har yau suna raye a ɗakunan gwaji na duniya, ana sayar da su, kuma sai a 2023 iyalinta suka sasanta da ɗaya daga cikin kamfanonin da suka ci riba da su. Ƙwayar da aka gina da dabarar Yamanaka ita ma haka take iya rayuwa bayan mai ita. Sannan komai kyawun cif, dole daga ƙarshe a gwada magani a jikin mutum.

To idan aka neme ka, ko ke uwa aka nemi ɗanki, a shiga wani bincike, ku tambaya: wane kwamitin ɗa'a ne ya amince, ina lambar amincewar? Wa yake biyan kuɗin binciken? Akwai sanannen magani da zan iya karɓa idan na ƙi? Ina za a kai jinin, shekara nawa za a ajiye shi, za a yi wani aikin da shi bayan wannan? A karanta maka takardar da Hausa, a ba ka kwafinka. Kana da damar ƙi, kana da damar fita a tsakiya, kuma wannan ba ya hana a duba ka. Kundin 2007 ya wajabta rubutacciyar yarjejeniya kafin a fitar da samfur daga ƙasar, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Yin tambaya ba gudun bincike ba ne. Iyayen yaran SPRING sun amince da saninsu, ga shi yaran wasu suna amfana.

Kai kuma ɗalibi, ko na likitanci ko na kwamfuta ko na injiniya, wani babban ɓangare na wannan aiki karatun hoto ne da lissafi, kuma laftof ta ishe ka farawa. Manhajojin ImageJ da CellProfiler kyauta ne, da su masu bincike suke ƙirga ƙwayoyi. Ka haɗa da yaren Python, ka nemi malamin da ke da hotunan jini na madubin likita da izinin amfani da su. Gara a ce lokacin da aka tashi gina cif da ƙwayoyin 'yan Kano, akwai 'yan Kano a cikin masu karanta sakamakon da masu yanke shawarar inda za a kai shi.

A rubutu na gaba, in sha Allahu, za mu nuna mataki-mataki yadda ake sauke ImageJ a ƙirga ƙwayoyin jini daga hoto. Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu a annobar 1996, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.